Gurmin Malam Sabiru Ya Sake Ƙetare Bahar Maliya

Duk wanda ya san Zakiru a unguwar Ƙiblatain ya san ba ya buɗe baki sai da babban al'amari. Aikinsa a filin jirgin sama na Madina bai wuce sauke akwatunan alhazai ya jera a kan kura ba, amma in kana sauraronsa sai ka rantse jirgi ba ya sauka sai ya ɗaga masa hannu. Yayarsa Tasallah tana auren Abdulrauf, jikan Hausawan da suka tako a ƙasa tun zamanin da, har suka zama 'yan ƙasa. Ita dai baiwar Allah, duk ranar da ta ji Zakiru ya ce, "Yaya, na yi wani tunani," sai ta fara laluben inda ta ajiye maganin hawan jini.

Wata Juma'a ya zo cin shinkafa da wata faffaɗar malafa a kansa, ya ƙi cirewa har a gaban faranti.

"Yaya, na yi wani tunani."

"Inna lillahi. Ka ci abinci tukuna."

Bai ci ba. Waya ya tura mata gaban hanci. Wani Bature ne zaune a kan doguwar kujera da malafa irin ta Zakiru, yana kaɗa jita, jama'a na share hawaye.

"Kin gan shi? Waƙar ƙauyensu yake, shi ya tsara abinsa. Gona, saniya, tsohuwar motar babansa, shi ke nan fa, mutane na ta kuka." Ya shafa wayar, wani hoton ya fito, mutane cikin tufafin da suna tafe da ƙunshin kaya suna rera waƙa a wani buɗaɗɗen fili. "Waɗannan kuma Cheroki ake ce musu, asalin mutanen Amurka. An taɓa korar kakanninsu daga ƙasarsu, suka sha doguwar tafiya a ƙasa. Shi ne jikoki suke maimaita tafiyar a wasan kwaikwayo, da waƙa da komai. To mu fa? Kakan mijinki Abu Sundus, Malam Sabiru, daga Damagaram ya tako har garin nan. Wa ya taɓa yi masa ko tafi?"

"Allah ya ba shi lada, ai ya wadatar," in ji Tasallah.

"Ni zan haɗa biyun. Ranar taron dangi bayan Ƙaramar Salla, zan yi waƙoƙina na karkara, in kuma nuna tafiyar Malam Sabiru tun daga ƙofar gida har gaɓar Jidda. Da raƙumi, da 'yan fashi, da teku."

Abdulrauf ya ajiye cokali. "Ya Zakiru, kai ka iya kiɗa ne?"

"Haba Yaya! Jita nawa ta bi ta hannuna a filin jirgi?"

"A cikin akwati."

"To ai ta bi. Kuma ni ba jita zan kaɗa ba. Gurmin Malam Sabiru zan kaɗa."

Nan Tasallah ta ƙware da ruwa.

Gurmin nan kowa a dangi ya san shi, amma ba wanda ya taɓa taɓa shi. 'Yar ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da sanda da tsirkiya biyu. Malam Sabiru ya rataya shi a kafaɗa tun daga Damagaram, ya bi da shi ta Cadi, ya yi shekaru da shi a gonakin auduga na Sudan, ya haye teku da shi. Yanzu yana rataye a ɗakin 'yarsa Hajiya Uwa, surukar Tasallah, can a Uhudu, an naɗe shi da farin ƙyalle. Jikoki ko nuna shi da yatsa suka yi sai an ce su sauke hannu.

"Ni ba ruwana," in ji Abdulrauf. "Wallahi ba zan je wa Hajiya da wannan magana ba."

"Ba sai ka je ba," in ji Zakiru, ya fara cin shinkafarsa hankali kwance. "Na riga na sanar a guruf ɗin dangi cewa Hajiya ta amince. Yaya ce za ta karɓo."

Kafin la'asar wayar Tasallah ta cika da masha Allah da furanni. Ta rasa inda za ta sa kanta. In ta ce ƙarya ne, ta tona wa ƙaninta asiri a gaban dangin miji. Haka ta ja abaya ta nufi Uhudu, ta durƙusa gaban tsohuwa tana ta kewaye-kewaye, daga gaisuwar ƙafa ta koma gaisuwar ido, har Hajiya Uwa ta gaji.

"Gurmi kika zo nema. An karanta mini a waya cewa na amince."

Tasallah ta sunkuyar da kai.

Tsohuwa ta ce a sauko da shi. Ta ɗora shi a hannun Tasallah, ba ta saki ba. "Ba ƙaninki na ba wa ba. Ke na ba wa. Shi kaɗai ya rage mini na Baba. Yadda ya fita ɗakin nan, haka nake son ya dawo."

Tun daga ranar barcin Tasallah ya ragu. Ta ɗora gurmi a saman kabad, ta hana yara wasan ƙwallo a falo, ta hana a kunna turaren wuta kusa da shi. Zakiru kuwa ba ya gwaji sai a gabanta, sai ya wanke hannu da sabulu, sai ya zauna a kan katifa don ko ya suɓuce.

A gwajin farko ya gyara malafa, ya rufe ido, ya ja tsirkiya, ya ɗaga murya:

"Gerona, gerona, ina kewar gerona,
Akwatin alhaji ya fi buhu nauyi,
Jakin babana ba ya neman takardar iƙama,
Wayyo gerona!"

Bai kai baiti na biyu ba aka buga ƙofa. Fatna ce, maƙwabciyarsu mutuniyar Cadi, da lambar waya a hannu.

"Ya Ummu Sundus, mukayyif ɗinku mai sanyaya ɗaki ne ke wannan kukan? Kar ku bari ya ƙone. Ga lambar mai gyara, yana da sauƙin kai."

"Waƙa ce, Hajiya Fatna," in ji Zakiru daga kan katifa.

Fatna ta leƙo ta kalle shi sama da ƙasa. "To shi ba ya gyara wannan."

"Haka ake yi wa duk wani babban mawaƙi da farko," in ji Zakiru bayan ta tafi.

Ranar taro ta zo. An kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya na yini, mai sashe biyu, na maza da na mata, da katanga a tsakani da ƙofar ƙarfe. A sashen maza akwai ciyawa da masbah, tafkin wankan nan mai shuɗin tayil. Mata ba za su ga wasa ba, don haka Zakiru ya rataya musu lasifika a jikin katanga, ya maƙala ɗan makirfo a wuyan rigarsa. Ya gayyato abokan aikinsa na filin jirgi, ya gayyato mutanen rumfunan Uhudu, har da waɗanda bai san sunansu ba.

A bakin ƙofar ƙarfe Tasallah ta miƙa masa gurmi.

"Zakiru, don girman Allah. Kar ka ajiye shi a ƙasa. Kar ka ba wani. Kar ka je da shi kusa da ruwan nan."

"Yaya, kwantar da hankalinki. Gobe sunanki zai shiga tarihi."

"Ni ba na son tarihi. Gurmi nake so."

Ta dawo ta zauna kusa da keken guragun da ake tura Hajiya Uwa a kai, daidai ƙarƙashin lasifika. Fatna kuwa ta ja kujera ta manna ido a kafar ƙofa, ta naɗa kanta mai ba da labari.

Bayan la'asar lasifika ta yi tari. "Ya jama'a! Ku ɗauka yau a Damagaram muke. Ni ne Malam Sabiru, ina sallama da gida." Sai gerona, gerona ta ɓarke. Wani jariri ya tsala ihu. Wata tsohuwa ta tambaya ko yanka ragon aka fara. Ta cikin lasifika aka jiyo muryar wani mutum yana cewa, "Wai yaushe za a kawo abincin?" Tasallah ta saci kallon surukarta. Hajiya Uwa ta rufe ido, leɓenta na ɗan motsi, ba a gane ko tasbihi take ko wani abu.

"Yanzu mun shiga sahara!" in ji Zakiru. "A kawo raƙumi!"

"Ga raƙumi nan," in ji Fatna daga kafar ƙofa. "La ilaha! Bargo ne. Irin bargon tsarabar alhazai, mai hoton damisa. Ƙafafu huɗu, biyu da silifa, biyu da takalmin ƙwallo."

"Su wa ke ciki?"

"Na gaba dai Abdou ne mai dabino na Uhudu, na gane ƙafarsa. Kai! Zai hau! Ya hau!"

"Gurmin fa?" in ji Tasallah.

"Yana hannunsa, ya ɗaga sama."

Lasifika ta kawo nishi, sannan muryar Abdou daga ƙarƙashin bargo. "Kai Zakiru, mi kake ci haka? Sabka, bayana zai karye!"

"Raƙumi ba ya magana," in ji Zakiru ƙasa-ƙasa, ya manta kowa na ji.

"Wannan yana yi! Na baya ya suma, zahi ya yi yawa!"

Aka ji tim. Maza suka kwashe da dariya. Tasallah ta miƙe tsaye dafe da ƙirji.

"Zauna," in ji Fatna. "Raƙumi ya rabe biyu, ana yi wa gindin fifita. Gurmi lafiya lau, a kan cikinsa ya faɗo."

"Kamar yadda kuka gani," in ji Zakiru yana haki, "raƙumin Malam Sabiru ya mutu a hanya. Haka tarihi ya nuna. Sai ga ɗan fashi!"

Ɗan fashin Ubaidullah ne, ɗan wan Abdulrauf, ƙaton direban tasi haifaffen Madina. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana, da Larabci yake mayar maka. An sha koya masa abin da zai ce: "Tsaya, kawo guzurinka!" Da ya fito da rawani da takobin roba ya ga idanu sun yi masa caa, sai Hausar ta gudu ta bar shi. Ya lalubi abin da ya san ya fi tsorata mutum, ya daka tsawa:

"Waggif! Fen al-iƙama?"

Wato tsaya, ina takardar zamanka.

Wurin ya yi tsit. Fatna ta ce rabin maza sun kai hannu aljihu. Wasu biyu daga baƙin Zakiru, waɗanda ke can baya suna shan gahawa ba su ga takobin roba ba, suka bar takalmansu suka kama katanga. Har a sashen mata wata baiwar Allah ta fara zazzage jakarta.

"Wasa ne! Ku dawo!" Zakiru na ihu. "Kai Ubaidullah, a zamanin Malam Sabiru wa ya san iƙama?"

"Ya khali, nasit," in ji ɗan fashi, wai ya manta.

"To na kashe ka. Kwanta."

Ɗan fashi ya kwanta, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana kwance yana gaya wa fasinja cewa yau ba ya aiki.

Tasallah ta fara samun numfashi. Sahara ta wuce, 'yan fashi sun wuce. A ranta ta ce saura teku, kuma teku ai shuɗin zane za a shimfiɗa a ciyawa, haka Zakiru ya gaya mata. Sai lasifika ta kawo raɗar Zakiru.

"Abdou, ka danna dabinon sosai a ramin?"

"Na danna, amma ni ban yarda da shi ba."

"Da me kake tsammani kakanninmu suke liƙe jiragensu? Dabinon Madina ne fa, akwai albarka."

Tasallah ta juya. "Fatna, wane rami?"

Fatna ta sake leƙawa. "Ummu Sundus, ki yi salati. Bahon wanka ne. Tsohon baho na banɗaki, sun kafa masa sanda da zanen gado. Ramin da ruwa ke fita suka toshe da cuɗaɗɗen dabino. Suna tura shi cikin masbah."

"Shi kaɗai?"

"Da shi a ciki. Da gurmi."

"Bahar Maliya!" Zakiru ya sanar da murya mai karkarwa. "Ya teku, ga baƙon Manzo ya zo!"

Gaskiya da farko abin ya yi kyau, har Fatna ta yarda. Baho ya tashi a kan ruwa, zanen gado ya kama iska, Zakiru na tuƙi da sandar goge tayil. Maza suka yi kabbara. Kabbarar nan ita ta jawo komai, don da ya ji ta sai ya saki sandar ya miƙe tsaye don ya yi waƙar teku. Sanda ta yi nata wuri. Baho ya lula tsakiya.

"Ruwa, ruwa, ka yi mini hanya,
Ni ɗan Damagaram ban saba da kai ba..."

Waƙar ta tsaya.

"Abdou," in ji lasifika a hankali. "Ƙafata ta jiƙe."

"Na hwaɗa maka!"

"Abdou, ƙwallon dabino na yawo a cikin jirgi."

"Toshe da diddige!"

"Na toshe, yana shigowa ta gefe! Ku miƙo sandar! Jama'a, ban iya ruwa ba!"

Sai wani sauti ya biyo baya, fal, fal, fal, kamar ana kwasar ruwa da ƙwarya.

"Fatna," in ji Tasallah da wata irin murya. "Da me yake tuƙi?"

Fatna ta janye ido daga kafar ƙofa, ta kalli Hajiya Uwa, ta kalli Tasallah.

Tasallah, wadda ko muryarta mazan dangi ba su cika ji ba, ta ja mayafi ta banke ƙofar ƙarfe ta faɗa sashen maza da takalmi ɗaya. Mata suka dafo bayanta. Hajiya Uwa ta buga hannun kekenta ta ce, "Tura ni," Fatna ta tura.

Ga Zakiru a tsakiyar masbah, baho ya nutse rabi, malafa ta karkace, ya kama gurmin Malam Sabiru ta wuya yana sheƙa shi cikin ruwa hagu da dama, baho na juyawa a wuri ɗaya.

"Zakiru! Ɗaga shi sama! Kai ka nutse, shi ka ɗaga shi!"

"Yaya, ki yafe mini! Ku gaya wa mudir gobe ba zan zo aiki ba!"

Baho ya yi wata irin gyatsa ya tafi ƙasa. Lasifika ta yi ɓul-ɓul ta mutu. Zakiru ya yi kalmar shahada yana dukan ruwa, Abdulrauf ya fara cire agogo zai faɗa, sai Hajiya Uwa ta ce, "Kai yaro, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iyakarsa ƙirji.

Dariyar da aka yi har mutanen nan biyu da suka haye katanga suka leƙo. Tasallah kaɗai ba ta yi ba. Idonta na kan gurmi, wanda ya suɓuce ya kama hanyarsa shi kaɗai, yana tafe a kan ruwa a hankali, ƙwallayen dabino na rakiyarsa, har ya zo ya daki bakin masbah daidai ƙafar keken Hajiya Uwa.

Tasallah ta tsamo shi. Fatar ta saki ta yi laushi, tsirkiya ta yi sako-sako, ruwa na ɗiga. Dariya ta ɗauke. Ta durƙusa gaban surukarta, hawaye na zuba, ta miƙa da hannu biyu.

"Hajiya, ni kika ba wa. Ban da bakin magana."

Tsohuwa ta karɓa, ta juya shi, ta zazzage ruwan, ta ja tsirkiya ɗaya. Ta ce ɗuf, kamar an jefa danƙo a katifa. Ta sake ja. Ɗuf. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Tasallah ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, har da riƙe ciki.

"Wallahi sautin da na fi sani ke nan," in ji Hajiya Uwa tana goge ido. "Kun ɗauka Baba ya iya kiɗa ne? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma in ya kama gurmin nan har jakuna ke tsinke igiya. A cikin jirgin ruwa ina 'yar ƙarama, mai jirgi ya rantse ko Baba ya yi shiru ko a jefa ɗayansu a teku. Shi ne Innata ta riƙa faka idonsa tana zuba wa fatar ruwa. In ta jiƙe ba ta kuka. Baba har ya rasu yana cewa iskar ƙasar nan ce ba ta karɓi gurminsa ba." Ta miƙa wa Tasallah. "Tashi, 'yata. Ki shanya shi a inuwa, gobe fatar za ta ɗame. Ya sha abin da ya fi wannan."

Ta juya ta dubi Zakiru, wanda aka tsamo aka lulluɓe da bargon damisa, yana karkarwa, dabino ya manne masa a gemu.

"Tun da ya fara gerona na rufe ido, na ce Baba ya dawo. Muryar, da rashin kunyar, duk shi ne."

Zakiru ya gyara bargo ya dubi jama'a. "Kun dai ji da kunnenku. Mai tarihi ta ce na fito da shi daidai. Abdou, ba na gaya maka ba?"

"Biya ni dabinona," in ji Abdou.

Aka kira sallar magariba, aka fara fito da farantan shinkafa. Tasallah ta naɗe gurmi da farin ƙyallensa ta ce gobe in ya bushe za ta kai shi Uhudu da kanta.

"A'a, bar shi a wurinki," in ji Hajiya Uwa. "Na ga yadda kika banke ƙofa saboda shi. Naki ne."

Zakiru ya jiyo, idonsa ya yi haske. "Alhamdu lillahi! Yaya, ke nan kullum in na tashi aiki sai in biyo in yi gwaji."

Tasallah ta zaro ido. Hajiya Uwa ta jawo ta kusa, ta ɗauki ɗan kofin gahawa da ba kowa a ciki ta danƙa mata a tafin hannu.

"Ruwa cikin wannan ɗaya ya isa," ta raɗa mata. "Da kin ji sallamarsa a matakala."